Nazarin Lamari: Shagon Intanet a Zariya da Toshe Talla ta Fayil ɗin Hosts

Wurin da yadda yake aiki

Shagon da wannan nazari ya shafa yana daf da ƙofar wata babbar makaranta a Zariya, kuma aikinsa irin wanda aka saba gani ne a unguwannin ɗalibai: buga takardu, fotokwafi, cike fom na makaranta da na neman aiki, duba sakamakon jarrabawa, da bai wa mutum kwamfuta ya zauna ya yi aikinsa ya biya kuɗin sa'a. Kwamfutoci takwas ne a ciki, dukkansu 'yan gwanjo, suna ɗauke da Windows 10, kowacce da RAM gigabait 4 da tsohon faifan ajiya mai juyawa. Intanet na shigowa ta rauta ɗaya mai layin waya, wadda ake saya wa data wata-wata. Mai shagon dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin koyarwa, yana da yara biyu masu kula da kwastomomi, sannan akwai wani mai gyaran kwamfuta da ake kira idan abu ya gagara. Duk wanda ya zauna a gaban kwamfuta a shagon yana shiga ne da asusu guda, wanda ke da cikakken iko a kan na'urar, domin tun ranar da aka ɗora Windows babu wanda ya ga dalilin raba asusu.

Fabrairu 2025: farkon matsala

Abubuwa uku ne suka haɗu cikin 'yan makonni. A ranar 20 ga Janairu 2025 Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da abin da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba, kuma a watan Fabrairu ƙarin ya fara bayyana a farashi. Kuɗin da mai shagon ya saba warewa, wanda a da yake kai shi ƙarshen wata da ƙyar, sai ya riƙa ƙarewa a wajen kwana 20.

Na biyu ya zo ta burauza. Tun da daɗewa an saka wa Chrome na kowace kwamfuta ƙaramar manhajar nan ta toshe talla, uBlock Origin, wadda Raymond Hill ya rubuta. Google ya canza ƙa'idar irin waɗannan manhajoji zuwa abin da ya kira Manifest V3, kuma daga ƙarshen 2024 ya fara kashe waɗanda ke kan tsohuwar ƙa'ida sannu a hankali. A shagon, kwamfutocin sun riƙa nuna sanarwar kashewar ɗaya bayan ɗaya, yaran kuma suka riƙa rufe sanarwar ba tare da karantawa ba.

Na uku shi ne wanda ya fi ɓata wa mai shagon rai. Wata ɗaliba ta zo da mahaifinta don a sauke mata tsoffin tambayoyin jarrabawa daga wani shafi. Shafin yana da koren maɓalli har guda uku, kowanne yana cewa a latsa nan a sauke, biyu daga ciki talla ne da aka yi wa kamar maɓalli. Ta latsa na farko, sabon shafi na caca ya buɗe. Ta rufe ta latsa na biyu, sai hoton mace kusan tsirara ya cika allon, mahaifin yana tsaye a bayanta riƙe da kuɗin bugawa. Bai ce komai ba, ya kama hanya da 'yarsa ba tare da takardun ba. Saura kwanaki kaɗan a fara azumi a lokacin, mai shagon kuma ya ce wa yaransa ko da asarar data ba ta dame shi ba, ba zai yarda a riƙa ganin irin wannan a wurin da ake kiransa Malam ba.

Maris, mako na 1: abin da aka fara gwadawa

An fara da mafi sauƙi. A lokacin Chrome yana barin mutum ya sake kunna manhajar da ya kashe, don haka babban yaron shagon ya bi kwamfutocin ya kunna ta. Hakan ya riƙe na 'yan kwanaki. Kwastomomi suna kashe ta da kansu duk lokacin da wani shafi ya ce ba zai buɗe ba sai an kashe mai toshe talla, kuma ba sa mayarwa. Waɗansu ba sa taɓa Chrome ma, Edge suke buɗewa, wanda ba a saka masa komai ba, wasu kuma su sauke burauzar da suka saba da ita a waya. An kuma bincika kwamfutocin da manhajar kashe bairos, aka cire waɗansu manhajoji biyu da suka shigo ta irin waɗancan korayen maɓallai, amma bayan mako guda ɗaya daga cikinsu ta dawo ta hannun wani kwastoman.

Maris, mako na 2: shawarar mai gyara

Mai gyaran ya ba da shawarar a sauko da toshewar daga burauza zuwa cikin Windows kansa, ta hanyar wani ƙaramin fayil na rubutu da ake kira hosts. Bayanin da ya yi wa mai shagon shi ne, kwamfuta ba ta san sunan shafi ba, lamba ta sani, wato adireshin IP. Duk lokacin da aka rubuta suna, sai ta nemi lambar da ke bayansa, kuma kafin ta tambayi sabar DNS da ke waje, wato babbar kwamfutar da aikinta shi ne ba da lambar kowane suna, tana fara duba wannan fayil da ke cikinta. Idan ta tarar da sunan a nan, ta ɗauki lambar da aka rubuta a gefensa, ba ta ƙara tambayar kowa ba. To, yawancin tallace-tallacen da ake gani a shafi ba daga shafin suke fitowa ba, daga sabar kamfanonin talla ake jawo su, kowace da sunanta. Idan aka rubuta sunan sabar talla a fayil ɗin aka ba shi lambar da ba ta zuwa ko'ina, shafin zai buɗe, tallan kuma ba zai iso ba, ba a kuma kashe data wajen sauke shi ba.

Fayil ɗin ya girmi DNS. A zamanin ARPANET, hanyar haɗin kwamfutoci da ta gabaci intanet, a shekarun 1970, fayil guda ne mai suna HOSTS.TXT ke ɗauke da sunayen dukkan kwamfutocin da ke haɗe, ana kula da shi a cibiyar bincike ta SRI da ke Kalifoniya a ƙarƙashin Elizabeth Feinler, kowa kuma yana kwafar sa lokaci-lokaci. Da kwamfutoci suka yi yawa har fayil ɗaya ya kasa, Paul Mockapetris ya tsara DNS a 1983. Tsohon fayil ɗin bai mutu ba. A Windows yana zaune a C:\Windows\System32\drivers\etc\hosts, a Linux da macOS kuma a /etc/hosts, kuma yana aiki ne ga kowace manhaja da ke neman suna ta hanyar kwamfutar, ba burauza ɗaya kaɗai ba. Wannan ne ya ja hankalin mai shagon.

Gwajin farko an yi shi a kwamfuta ɗaya, da jerin sunaye kimanin 30 da mai gyaran ya rubuta da hannu, kowanne a layinsa, kamar haka:

127.0.0.1 ad.doubleclick.net
127.0.0.1 pagead2.googlesyndication.com

Mai gyaran ya bar wa babban yaron aikin kwafa zuwa sauran kwamfutocin, a nan ne kuma aka yi tuntuɓe sau biyu. Notepad ya ƙi adana gyaran saboda ba a buɗe shi da ikon mai kula da na'ura ba. Da yaron ya ga haka, sai ya adana a wani wuri ya jawo fayil ɗin cikin jakar, bai lura cewa Notepad ya liƙa masa wutsiyar .txt ba, Windows kuwa yana ɓoye wutsiyar fayil idan ba a ce ya nuna ba. Kwamfutoci bakwai suka kwana biyu da fayil mai suna hosts.txt a gefen na asali, wanda Windows ba ya ko kallo. Bayan an gyara sunan, an kuma share tsoffin amsoshin da kwamfuta ta riƙe da umarnin ipconfig /flushdns, sai aka ga tallan gefen shafukan labarai ya ragu.

Tallan caca da na batsa, waɗanda saboda su aka fara aikin, ba su motsa ba. Fayil ɗin hosts ba ya karɓar alamar da ke nufin duk sunan da ke ƙarƙashin wani suna. Wanda ya rubuta doubleclick.net bai toshe ad.doubleclick.net ba, bai kuma toshe googleads.g.doubleclick.net ba, sai ya rubuta kowanne da kansa. Masu tallan da ke buɗe sabon shafi kuwa suna sauya suna kamar riga, kuma jerin mutum ɗaya ba zai cim musu ba.

Maris, mako na 3: babban jeri da tsayuwar shagon

Daga nan aka koma ga jerin da wasu suka riga suka tara. Wanda aka zaɓa shi ne na Steven Black da ke GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu. Jerin yana haɗa jerin mutane da ƙungiyoyi da dama wuri guda, irin su na AdAway da na Dan Pollock, yana cire maimaici. Yana da jeri na asali na talla da shafuka masu cutarwa, da kuma ƙari na caca da na batsa ga mai so. An ɗauki na asali tare da ƙarin biyun, abin da ya kai sunaye sama da 100,000, kowanne a layinsa. Saboda gwajin makon da ya wuce bai kawo wata matsala ba, an zuba shi a kwamfutoci takwas ɗin gaba ɗaya da yamma, aka rufe shago aka tafi buɗa-baki.

Washegari da safe babu kwamfutar da ta shiga intanet. Alamar haɗi tana nuna akwai rauta, wayoyin yaran suna buɗe shafuka ta wannan rautar, amma burauzar kwamfuta sai juyawa take yi, fankar ciki tana kuka. Dalilin shi ne wani sashe na Windows mai suna DNS Client, wanda ke loda duk abin da ke cikin fayil ɗin hosts zuwa ma'ajiyarsa idan kwamfuta ta tashi ko fayil ɗin ya canza, kuma ba ya amsa tambayar suna yadda ya kamata sai ya gama. A kan waɗannan tsoffin na'urori, lodin ya ɗauki tsakanin minti 10 zuwa 15. A wurin da wuta ke ɗaukewa sau da yawa a rana, kuma kowace ɗaukewa tana kashe kwamfutoci kafin a tayar da janareta, wannan jiran yana maimaituwa. Ƙoƙarin mayar da tsohon fayil ma ya ci tura a karon farko, domin Windows ya ce wani aiki yana riƙe da fayil ɗin. Sai da mai gyaran ya tayar da kowace kwamfuta a Safe Mode, yanayin da Windows ke tashi da mafi ƙarancin ayyukansa, sannan ya iya musanya shi. Rabin yinin ciniki ya tafi a haka.

Shawarar da ake yawan bayarwa ita ce a kashe DNS Client baki ɗaya. A sababbin fitowar Windows 10 maɓallin kashe shi a dushe yake, sai an shiga rajistar Windows, inda yake ajiye saitunansa na ciki, kuma mai gyaran ya ƙi yin hakan saboda firintar shagon tana kan hanyar sadarwa ta cikin gida, ba ya son ya gyara abu ɗaya ya ɓata wani.

Maris, mako na 4: gyaran da ya zauna

An yi canji huɗu, a wannan karon a kwamfuta ɗaya tukuna, aka bar ta kwana uku kafin a taɓa sauran. Na farko, an matse fayil ɗin. Windows yana karɓar sunaye har 9 a layi ɗaya bayan lamba guda, kuma kayan aikin da ke tare da jerin Steven Black suna da zaɓin fitar da shi a wannan siga, wadda ke rage layuka zuwa kashi ɗaya cikin tara. Na biyu, an ajiye ƙarin batsa, wanda ya fi na caca kumbura fayil ɗin, aka bar na asali da na caca, tunda hotunan da suka jawo abin kunya ta hanyar sabar talla suka shigo. Da waɗannan biyun, jiran safe ya sauko ƙasa da minti ɗaya.

Na uku, an mayar da tsoffin layukan hannu daga 127.0.0.1 zuwa 0.0.0.0. Lambar farko tana nufin kwamfutar kanta, don haka burauza tana ƙwanƙwasa ƙofar gida tana jiran a ce mata babu kowa, ta biyun kuwa ba adireshin da za a iya zuwa ba ce, ana yanke ƙauna nan take. A shafin da ke kiran sabar talla ashirin ko talatin, bambancin yana bayyana a ido. Na huɗu, an buɗe wa kwastomomi asusu marar iko, aka sa wa na mai kula kalmar sirri. Daga ranar babu kwastoman da zai iya taɓa fayil ɗin hosts, kuma manhajojin da ke neman ikon mai kula kafin su zauna sun daina shiga.

Mai gyaran ya kuma kauce wa jerin da ke toshe sunayen Microsoft, domin tun 2020 Microsoft Defender yana ɗaukar irin wannan gyara a matsayin kutse, kuma idan aka ce ya tsabtace, yana mayar da fayil ɗin yadda ya zo daga kamfani, duk aikin ya tafi.

Afrilu zuwa Mayu: abubuwan da suka ɓullo

Bayan Sallah ɗalibai suka dawo, lokacin buga takardun jarrabawar JAMB ya zo, aka fara ganin inda hanyar ke cizon wanda bai ji ba bai gani ba. Koke na farko daga binciken Google ya fito. Sakamakon da ke saman shafi, wanda aka biya kuɗi aka ɗora, yana bi ne ta www.googleadservices.com kafin ya kai mutum inda za shi, sunan kuma yana cikin jerin. Kwastoma ya latsa na farko, ya ga shafin kuskure, ya ce intanet ɗin shagon ba ta aiki. An tattauna a cire sunan, mai shagon ya ce a bar shi, aka koya wa yaran su nuna wa mutane su sauka ƙasa kaɗan.

Na biyu ya fi tsanani. Wani shafin biyan kuɗin makaranta yana buɗewa, ana cike fom, amma maɓallin ƙarshe ba ya amsawa. Mai gyaran ya latsa F12 a burauza, ya duba jerin abubuwan da shafin ke jawowa, ya ga biyu da jan rubutu. Ɗaya daga ciki ƙaramin shiri ne na ƙididdigar masu ziyara, wanda aka gina shafin yadda maɓallin ba zai yi aiki ba sai ya iso. Fayil ɗin hosts ba shi da wurin rubuta sunayen da aka yafe wa. Sai dai a nemo sunan a goge shi, ko a sa alamar # a farkon layi idan shi kaɗai ne a layin, kuma duk ranar da aka sauke sabon jeri sunan zai dawo. Maganin da aka samu shi ne littafin rubutu mai shafi 40 da ke cikin durowar mai shagon, inda ake rubuta kowane suna da aka cire, da ranar, da shafin da ya sa aka cire shi. Zuwa ƙarshen Mayu sunaye 6 ne a ciki. Babban yaron ya koyi binciken da kansa, bayan ya ɓata yini guda yana gwadawa da umarnin nslookup, wanda ke tambayar sabar DNS kai tsaye ba ya duba fayil ɗin, don haka kullum yana nuna masa cewa komai lafiya.

Akwai kuma tallan da fayil ɗin bai taɓa ba ko kaɗan. Na YouTube yana zuwa ne ta sabar da ke kawo bidiyon kansa, na Facebook ma haka, kuma wanda ya toshe sunan ya toshe duka biyun. Saƙonnin talla da ke tsalle a kusurwar allo, har da na ƙaryar cewa kwamfuta ta kamu da bairos, sun ci gaba a kwamfutoci uku. Waɗannan sanarwar burauza ce da kwastomomi suka ba wa shafuka izini a baya, sai da aka shiga saitin burauza aka share izinin, aka hana shafuka sake tambaya. Burauzar da ke bi ta sabar wakili, wato wata saba da ke shiga shafuka a madadinta, kamar mai VPN a ciki, ita ma tana tsallake fayil ɗin, domin a can waje ake nemo mata lambar.

Yuni: lissafin data

Kuɗin wata da ke ƙarewa a kwana 20 ya koma kaiwa kwana 23. Mai shagon ya sa ran fiye da haka. Windows 10 yana da shafi a saitinsa da ke nuna datar da kowace manhaja ta ci a kwana 30 da suka wuce, kuma da aka buɗe shi a kwamfutocin sai aka ga cewa bayan burauza, Windows kansa ne babban mai ci: kwamfutoci takwas, kowacce tana sauke sabuntawarta daban. An sa wa haɗin alamar cewa data ce mai awo, wadda ke hana yawancin saukewar kai-tsaye, aka ware dare ɗaya a wata bayan Talata ta biyu, ranar da Microsoft ke fitar da gyare-gyarensa, a sabunta kwamfuta ɗaya sauran su ɗiba daga gare ta ta cikin gida. A watan da ya biyo baya datar ta kai kwana 28.

Hukunci

A kan koken da ya fi damun mai shagon, hanyar ta yi aiki. Daga ƙarshen Maris ba a sake samun shafin caca ko hoton batsa ya buɗe kansa a gaban kwastoma ba sai sau biyu, duka daga sababbin sunaye da ba su shiga jeri ba tukuna, aka kuma ƙara su da hannu. Amma ba daidai ba ne a ba fayil ɗin duk yabon. A ganina asusun da aka rage wa iko ya yi rabin aikin, kuma da an yi shi tun farko, da uBlock Origin a Firefox, wanda har yanzu yake karɓar ta, ya ba da sakamako mai kama da wannan, har ma ya share ramukan da tallan da aka toshe ke bari a shafi, abin da fayil ɗin hosts ba ya iyawa. A watan Yuli 2025, lokacin da Chrome ya rufe ƙofar sake kunna tsoffin manhajoji, shagon ya haɗa biyun, fayil ɗin hosts da uBlock Origin a Firefox.

A kan data, fayil ɗin ya ba da kwana 3 daga cikin 8 da aka samu. Kuskuren da aka yi shi ne fara magani kafin a buɗe shafin lissafin, wanda yake nan tun ranar farko. Tsayuwar shagon a mako na 3 kuma ba girman jerin kaɗai ya jawo ta ba, zuba shi aka yi a kwamfutoci takwas ba tare da gwaji a ɗaya ba.

Akwai wani farashi da bai shiga littafin shagon ba. Shafukan labaran Hausa da kwastomomi ke karantawa da kuɗin talla suke biyan ma'aikata, kuma fayil ɗin hosts ba ya bambance shafin da ya cancanci a bar masa tallansa da wanda bai cancanta ba, domin sabar talla ɗaya ce ke ciyar da su duka. Mai shagon ya san da haka, ya kuma zaɓi ya bar tallan a toshe.

Mai gyaran ya kawo shawarar Pi-hole, manhajar da ke zama DNS na shago baki ɗaya, tana iya toshe suna da duk 'ya'yansa, tana da jerin yafiya, tana kuma toshe talla har a wayoyin da ke kan rauta. Tana buƙatar na'urar da ba ta mutuwa, domin idan ta mutu intanet ɗin kowa ta tsaya, shagon kuma ba shi da batirin ajiyar wuta. An ɗage maganar zuwa lokacin da za a sayi inbata. Kafin nan, ana sauke sabon jeri a daren sabuntawa na kowane wata, babban yaron yana bin littafin durowa yana goge sunayen nan ɗaya bayan ɗaya, sannan ya zagaya kwamfutocin da filashi.